Google Sheets ko Excel: wanne zai riƙe lissafin rassa idan hannaye sun yi yawa?

Mai shago ɗaya, littafi da biro sun ishe shi, ko fayil guda na Excel a kwamfutar akawunsa. Wahalar lissafi tana farawa ne ranar da Allah ya buɗa harka: babban shagon taki da maganin feshi a cikin Katsina, reshe a Daura, wani a Funtua, sito a Malumfashi. Kowane wuri da yaron da ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, shi kuma mai dukiya yana son kafin ya kwanta ya san buhu nawa aka sayar yau, nawa ya rage, wa ya ɗauki kaya bashi. Irin wannan bukata ce ke gaban makarantar kuɗi mai malamai ashirin da kowa ke shigar da makin ajinsa, da ƙungiyar manoma mai wakilai a ƙananan hukumomi da dama cikin 34 da jihar Katsina ke da su.

Abin da aka fi yi yanzu kowa ya san shi. Da yamma kowane reshe ya turo fayil ɗinsa ta WhatsApp, akawu ya zauna yana kwafa yana mannawa. Kafin wata ya ƙare wayarsa ta cika da fayiloli masu suna kusan iri ɗaya: na Daura, na Daura gyararre, na Daura na ƙarshe. Alhaji mai dukiyar ya ce, "Malam, wanne ne na gaskiyar?" Akawu ya ce, "Ranka shi daɗe, bari in kira yaron in ji." Mutane ne masu amana da ƙoƙari, amma tsarin da suke kai ba ya ɗaukar hannu fiye da biyu.

Kafin a zaɓi hanya, a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai mutane da yawa su yi rubutu cikin fayil ɗaya a lokaci guda. Akwai kuma fayil ya riƙa janyo alƙaluma daga wani fayil da kansa, ta yadda idan yaron Daura ya rubuta buhu goma, jimillar da ke wurin Alhaji ta ƙaru ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Na farkon ya fi sauƙi, shi ya sa ake rugawa gare shi: a buɗe fayil ɗaya, kowane reshe a ba shi shafinsa. Inda akwai kuɗi ba na ba da wannan shawara. Wanda aka bari ya shiga fayil yana iya ganin duk abin da ke ciki. Shafin da aka ɓoye ana iya fito da shi, kuma kariyar da ake sa wa gurabe, wato ƙananan akwatunan da ake cikewa a shafi, rubutu take hanawa, ba ta rufe ido. Don haka abin da za mu auna shi ne na biyun: kowane reshe da fayil ɗinsa, sannan babban fayil guda a sama wanda ke tattara su, wanda Alhaji da akawu kaɗai ke buɗewa.

Hanyar Google ita ce Sheets, manhajarsa ta jadawalin lissafi, a kan Drive, ma'ajiyarsa ta intanet, kuma fomula guda ce ke haɗa fayil da fayil. A babban fayil sai ka rubuta:

=IMPORTRANGE("adireshin fayil ɗin Daura", "Ciniki!A2:G")

Karon farko gurbin zai nuna #REF!. Ka ɗora linzamin kwamfuta a kansa, maɓallin ba da izini ya fito, ka latsa sau ɗaya, layukan Daura su zubo. Wannan matakin ya fi sauƙi a kwamfuta, amma daga nan waya ma ta isa a duba sakamako. Haka za a yi wa Funtua da Malumfashi, sannan a jera su ƙarƙashin juna a tara.

Babban abin da ya sa wannan hanya ta kwanta mini shi ne adireshin. A cikinsa akwai doguwar lamba ta musamman da Google ke bai wa kowane fayil ranar da aka ƙirƙire shi. A sake wa fayil suna, a ɗauke shi daga wannan folda a kai waccan, lambar ba ta canzawa, haɗin yana nan daram. Inda mutum shida ke taɓa folda ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin dole wata rana wani ya ga sunan fayil bai yi masa ba ya gyara, ko ya ce zai tsara foldoji su yi kyau.

Rauninta yana rabi na biyu na fomular. Wannan "Ciniki!A2:G" rubutu ne tsagwaronsa, ba ya bin sauyin da aka yi a can. Yaron Daura ya mayar da sunan shafin Cinikin Damina, babban fayil ya daina samun komai. Wannan ma da sauƙi, tunda kuskuren zai fito fili. Wanda ya fi muni shi ne ya cusa sabon layin tsaye a tsakiya don ya riƙa rubuta lambar mota: kuɗin da ke G ya koma H, babban fayil ya ci gaba da ɗauko A zuwa G, jimilla ta tara abin da ba shi ba, ba tare da wata alamar gargaɗi ba. Maganinsa a kulle shafin reshe gaba ɗaya, a bar gurabun shigar da ciniki kaɗai a buɗe. Sheets yana ba da damar a faɗi wane imel ne zai rubuta a wane gurbi, kuma wannan yana daga cikin wuraren da ya fi Excel sauƙin sarrafawa.

Akwai wani abu da nake son duk mai dukiya ya fahimta da kansa, kada ya bar wa yaron kwamfuta. Izinin nan da ake latsawa sau ɗaya kamar fasa ƙofa ne a katangar da ke tsakanin gida biyu: da zarar an fasa, duk wanda ke wannan gida zai iya shiga kowane ɗaki na wancan. Google da kansa ya bayyana cewa bayan an ba da izini, duk mai ikon gyara a fayil ɗin da ke karɓa zai iya janyo kowane sashe na fayil ɗin da ke bayarwa. Idan alƙaluma daga reshe suke hawa zuwa babban fayil, babu damuwa, tunda Alhaji ne a sama. Haɗarin yana wurin saukowa. Ana son farashin yau ya bayyana a duk rassa, sai a janyo shi kai tsaye daga babban fayil, wanda a cikinsa akwai kuɗin sari, da riba, da albashin ma'aikata. Yaron reshe mai wayo da ya san sunan shafin zai sauya kalma ɗaya a fomula ya ga duka. Abin yi shi ne a buɗe ƙaramin fayil na tsakiya wanda babu komai a cikinsa sai sunan kaya da farashin sayarwa, babu mai ikon gyara shi sai Alhaji da akawu, rassa su riƙa janyowa daga nan.

Sai a san kuma IMPORTRANGE hanya ɗaya take bi. Kawowa take yi, ba ta mayarwa, kuma alƙaluma kaɗai take kawowa ban da launi da ado. Idan wani ya rubuta abu a filin da take zubawa, duk sakamakon ya ɓace ya koma #REF! har sai an share abin. Tarkon da ya fi kama akawu shi ne rubutu a gefe. Jerin masu bashi ya zo daga Funtua, ya rubuta "ya biya" a gaban sunan mutum na bakwai. Washegari yaron Funtua ya jera sunayen bisa haruffa. Sunaye sun motsa, "ya biya" tana nan inda aka bar ta, yanzu a gaban wani mutum dabam wanda bai biya ko kwabo ba. Daga irin wannan ne rigima ke tashi tsakanin mutanen da suka yi shekaru suna hulɗa. Duk bayanin da ya shafi layi, a rubuta shi a fayil ɗin da aka haifi layin.

Ba nan take sabuntawar ke isowa ba, takan ɗan jinkirta, kuma jinkirin yana ƙaruwa idan aka yi sarƙa: wannan ya janyo daga wancan, wancan daga wani. Google ya ƙayyade megabayit 10 ga kowane janyowa, ya kuma ba da shawarar a tara lissafi tun a fayil ɗin asali kafin a janyo. Wato maimakon ɗauko layi dubu ashirin daga Daura don a san jimillar NPK, a sa shafin taƙaitawa a fayil ɗin Daura, a ɗauko layi goma. Fayil ɗaya na Sheets yana ɗaukar gurabe har miliyan 10, amma ƙaramar wayar Android za ta fara nauyi tun ba a je ko kusa da haka ba. Sabon fayil kowace shekara, ko kowace damina ga masu taki, ya fi.

Mu koma wurin Excel. A fagen lissafi zalla shi ne babba, babu musu. Shafi ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576, yana aiki cikakke ko babu intanet, kuma yawancin akawun da suka fito daga makarantunmu da shi suka koyi aiki. Wanda zai yi nazarin cinikin shekara uku ya fitar da rahoton da za a kai banki ko wurin masu binciken kuɗi, a Excel zai fi sakewa. Tambayar ita ce yadda yake haɗa fayiloli, kuma a nan tarihinsa ne ke binsa. An gina shi tun lokacin da fayil ke zaune a kwamfuta ɗaya, saboda haka haɗinsa da hanya da suna yake gane fayil. Idan fayil ɗin Daura yana rufe, fomular takan zama kamar haka:

='C:\Users\Akawu\Lissafi\[Daura.xlsx]Ciniki'!G40

Dubi sunan mai kwamfutar a tsakiya. A kwamfutar wani ma'aikaci hanyar ba haka take ba. Idan an ajiye fayilolin a OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyun Microsoft na intanet, hanyar takan koma adireshin intanet wanda kowa zai iya bi, kuma Excel na burauza ma yanzu yana gane irin wannan haɗi. Sai dai adireshin har yanzu sunan folda da sunan fayil ne. A sauya ɗaya daga ciki, sai an je an nuna wa Excel sabon wurin da hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake yi idan haɗin ya tsinke ko ba a sabunta ba. Excel yana riƙe alƙaluman ƙarshe da ya gani, ya ci gaba da nuna su. Gargaɗin ɗan layi ne a saman allo ko akwatin tambaya lokacin buɗewa, wanda yawancin mutane ke rufewa ba su karanta ba. Sai Alhaji ya dubi allo ya ga buhu 300 a sito, ya yi wa babban manomi alkawarin 200, alhali lissafin na makon jiya ne. Haka kuma idan aka cusa layi a fayil ɗin reshe yayin da babban fayil ke rufe, G40 tana nan tana nuna G40, ko da jimillar ta koma G41. Laƙaba wa gurbin suna, a yi haɗin da sunan maimakon lambar gurbi, yana magance wannan. Wasu fomuloli kuma da akawu ke amfani da su kullum, irin SUMIF da COUNTIF, ba sa aiki a kan fayil ɗin da ke rufe, sai su ba da #VALUE!. Masu gwaninta sukan kauce ta hanyar SUMPRODUCT, amma wannan ilimi ne da ba kowane akawu ke da shi ba.

Wanda ya san Excel sosai zai ce ai ba da irin wannan haɗi ake tattara rassa ba, da Power Query ake yi, kuma ya yi gaskiya. Tun Excel 2016 yake cikin manhajar. Ka nuna masa folda, ya karanta duk fayilolin da ke ciki, ya jera su wuri ɗaya, ya tsabtace su. An buɗe sabon reshe a Dutsin-Ma, jefa fayil ɗinsa a folda kawai za a yi. Yana bin sunan kan layi, saboda haka cusa layin tsaye ba ya rikita shi yadda yake rikita IMPORTRANGE. A wajen tattara fayiloli masu yawa ya fi abin da Google ke bayarwa nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa shi ne mutum da kwamfuta: sai wani ya zauna ya latsa sabuntawa, kuma ba a yin wannan a waya. Alhaji da ke hanyar Kano da wayarsa zai ga abin da akawu ya sabunta na ƙarshe ne kawai.

Sai batun wane Excel ne a kwamfutocin. Rubutun mutane da yawa a fayil ɗaya yana bukatar Microsoft 365, wato Office da ake biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara, ko Excel 2021 zuwa sama, ko na burauza da na waya, kuma fayil ɗin ya kasance a OneDrive ko SharePoint. Excel 2019 da 2016 da waɗanda suka girme su ba su da wannan. Mutum ɗaya ya buɗe da tsohon Excel, fayil ya kulle wa sauran. Duk wanda ke leƙa kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu a garin nan ya san tsofaffin su ne suka fi yawa, da dama kuma an saka su ne ba lasisi. Microsoft ya daina tallafa wa Office 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoba, 2025, rana ɗaya da Windows 10, wato waɗannan Office ɗin ba su da sauran gyaran tsaro. Saboda haka wanda zai bi hanyar Excel ya sa kuɗin lasisi cikin lissafinsa tun farko. Tsarin iyali na Microsoft 365 yana ɗaukar mutum shida, kowa da terabayit ɗaya, amma don amfanin gida aka yi shi. Na kasuwanci kuwa kowane ma'aikaci ake biya wa, kuma farashin yana bin dala.

Akwai hanya ta uku da ke kama da mafita, ita ce a ci gaba da fayilolin Excel yadda suke, a zuba su a foldar Dropbox ko ta Google Drive mai daidaita kanta da kwamfuta. Ba zan daɗe a kanta ba. Irin wannan folda fayil ɗungurungum take kwafa, ba ta san abin da ke cikin gurabe ba. Mutum biyu suka gyara fayil ɗaya kafin sabis ya haɗa su, sai a wayi gari da kwafi biyu masu saɓani, a koma tambayar wanne ne na gaskiya. Hanyar foldar kuma takan bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, haɗin Excel ya riƙa tsinkewa. Dropbox na kyauta gigabayit 2 ne, kuma na'ura uku kawai yake yarda a haɗa. Wurin ajiya ne mai kyau, a bar shi a nan.

Duk wannan magana a kan sabis da wuta take tsaye, kuma mun san halin da muke ciki. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, ciki har da Funtua da Malumfashi, aka ɗauki watanni kafin a buɗe. Ko ba irin wannan ba, reshen da ke bakin iyaka wajen Mai'adua ko Jibiya yakan wuni sabis yana zuwa yana tafiya. A nan Excel na kwamfuta yana da rinjaye, muddin akwai caji. Amma manhajar Sheets ta waya ma tana aiki ba intanet, idan tun da sabis aka zaɓi a ajiye fayil ɗin a wayar. Yaro ya shigar da cinikinsa, sabis ya dawo abin ya hau da kansa. Tunda shi kaɗai ke rubutu a fayil ɗinsa, babu wanda zai yi karo da shi, kuma wannan wani dalili ne na raba fayiloli. Waya kuma ta fi kwamfuta jure rashin wuta, ɗan ƙaramin sola ya ishe ta. Google Forms, fom ɗin da ake cikewa a intanet, wanda wasu ke so a yi amfani da shi don kada yara su taɓa jadawalin, ba ya aiki sai da intanet. Ƙungiyar da wakilanta ke shiga ƙauyuka gara ta duba KoboToolbox, wanda aka gina don tattara bayani inda babu sabis.

Kowace hanya aka bi, akwai gurbi ɗaya da nake ganin wajibi ne a babban fayil: kusa da jimillar kowane reshe a sa ranar ƙarshe da aka shigar da ciniki a can. Fomular MAX, mai fito da mafi girma a jeri, a kan layin kwanan wata ta wadatar. Alhaji ya duba ya ga Daura yau, Funtua yau, Malumfashi shekaranjiya, ya san wace lamba zai dogara da ita da wanda zai buga wa waya. Littafin takarda kuma kada a jefar da shi a rassa.

Kuɗin data bai kai yadda ake tsoro ba, ko bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Alƙaluma ba su da nauyi. Hotunan rasit da bidiyo ne ke cinye data da wurin ajiya. Google yana ba kowane asusu gigabayit 15 kyauta, amma Gmail da Drive da hotuna duk a ciki suke ci, kuma idan ya cika ba a iya ƙirƙirar sabon fayil ko gyara na da. OneDrive na kyauta gigabayit 5 ne.

Yanzu ga batun da ya fi zaɓin manhaja muhimmanci a wurina: fayilolin na waye? A asusun Google na kyauta, wanda ya ƙirƙiri fayil shi ne mai shi, ko da a foldar wani ya ajiye. Abin da aka saba shi ne a kira ɗan'uwa ko wani yaro mai ilimin kwamfuta ya tsara komai da Gmail ɗinsa. Shekara ta zagayo ya tafi bautar ƙasa, ko ya sami aiki a Abuja, ko an sami saɓani, ko an sace wayarsa ya rasa layin da zai dawo da asusun. Lissafin dukiyar mutum yana hannun wanda ba ya nan. Ko an cire shi lafiya lau, izinin IMPORTRANGE da ya bayar yana tafiya da shi, sai wani ya sake latsawa. Kuma tun Disambar 2023 Google ya fara aiwatar da ƙa'idar share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Don haka ranar farko a buɗe asusu da sunan harkar, lambar dawo da shi ta zama layin mai dukiya wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinsa, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Daga wannan asusu za a ƙirƙiri kowane fayil, daga shi za a ba da kowane izini. Kada kuma a raba kalmar sirrinsa ga ma'aikata don sauƙi. Kowa ya shiga da imel ɗinsa, domin ta haka ne tarihin gyara zai nuna wanda ya mayar da 50 ta koma 15 da lokacin da ya yi. Sheets yana nuna wannan gurbi-gurbi, Excel na Microsoft 365 ma yana da irinsa. Wannan kariya ce ga yaron kirki kafin ta zama tarko ga maras gaskiya. Masu biyan kuɗi suna da mafita mafi ƙarfi: a Google Workspace akwai ma'ajiyar tarayya wadda fayilolinta na kamfani ne ba na mutum ba, a Microsoft kuma SharePoint ke yin wannan aiki. Makarantu da ƙungiyoyin agaji masu rajista su bincika, domin kamfanonin biyu suna da tsare-tsare na musamman dominsu.

Zaɓin nan na "duk mai adireshin zai iya buɗewa" a guje shi. Adireshi ɗaya da aka tura rukunin WhatsApp zai iya kaiwa ko'ina. Jerin manoma da lambobin wayarsu da asusun bankinsu amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin kiyaye su a kan wanda ya tattara. A yanayin tsaron da yankinmu ke ciki, takardar da ke nuna wanda ya karɓi miliyoyi da garin da yake ba abin wasa ba ce.

Wasu ƙananan abubuwa suna ɓata haɗi a manhajojin biyu daidai wa daida. Fayil ɗin da saitinsa na Amurka ne yana karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, mu kuma 3 ga Afrilu muke nufi, saboda haka a sa duk fayiloli a saitin Birtaniya tun kafin a fara. Lambar waya tana rasa sifirinta na farko idan ba a mayar da layin na rubutu ba. Wani ya rubuta 5000, wani ya rubuta "dubu 5", na biyun ba zai shiga jimilla ba, kuma fomular QUERY ta Sheets tana mayar da irinsa gurbi wayam idan lambobi suka fi yawa a layin. Sunan kaya kuma a sa shi cikin jerin zaɓi, in ba haka ba Yuriya da Uriya za su zama kaya biyu a rahoto.

Hukuncina bai tsaya a tsakiya ba. Idan masu shigar da bayani da waya suke aiki, suna garuruwa dabam-dabam, kuma mai dukiya yana son ya duba da kansa a duk inda yake, Google Sheets za a ɗauka. Wannan shi ne halin yawancin 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyin Katsina da Daura, kuma ana iya farawa ba a biya ko sisi ba. Idan kuwa ofis ne mai kwamfutoci da lasisin Microsoft 365 na gaskiya, da akawun da ya iya Power Query, da bayanai masu layi dubu ɗaruruwa, kuma rahoton mako ko na wata ya wadatar, to Excel a kan SharePoint ya fi, kuma a tattara da Power Query, a rage haɗin gurbi da gurbi iya yiwuwa. Wanda rassansa suka haura goma, ko yake son kaya su riƙa raguwa a sito da zarar an buga rasit, ya wuce matakin jadawali, manhajar kula da kaya yake bukata.

Akawun da ya saba da Excel ba sai ya rabu da shi ba. Rassa su shigar a Sheets, babban fayil ya tattara, ranar ɗaya ga wata ya sauke babban fayil ɗin a siffar Excel. Alƙaluman da aka janyo za su sauka a daskare yadda suke a ranar, ya yi nazarinsa da rahotonsa a kansu, ya sa wa fayil ɗin sunan wata da shekara, ya ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashin da ke hannun Alhaji.